Sayen sabon keken dutse a Kebbi: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo titunan Birnin Kebbi da ƙarfinsa. Ma'aikacin da ya jingine babur, ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin gari da Kalgo, dattijon da likita ya ce wa ya riƙa motsa jiki saboda suga, duk keke suke nema, kuma akasari idonsu na kan mai giya mai kaurin taya. Ga tambayoyin da suka fi yawan zuwa mini, da amsar da nake bayarwa.

Wai mene ne bambancin keken dutse da Fonis ɗin da iyayenmu suka hau?

Fonis da Rali an ƙera su ne don tafiya a miƙe da ɗaukar kaya: giya ɗaya, birkin sanda, ƙarfe mai nauyi. Shi kuwa keken dutse asalinsa wasa ne. Wasu samari ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka fara gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna cikin shekarun 1970, suna lalatawa suna gyarawa, har irin su Joe Breeze da Tom Ritchey suka shiga ƙera firam na musamman don wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, a 1996 kuma aka shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a Atlanta. Abin da ya gada daga wancan tarihi shi ne taya mai faɗi mai haƙora, giya mai sauƙaƙa hawan tudu, birki mai kamawa, da kan tuƙi mai faɗi wanda ba ya ƙwacewa a hannu in an faɗa rami.

To mu da ba mu da duwatsu a nan, me zai amfana mana?

In ka cire ƙasar Zuru, yawancin jihar nan shimfiɗe take, gaskiya ne. Amma abin da ke wahalar da keke a wurinmu ba tudu ba ne. Yashi ne, da ƙaya, da ƙurar hunturu, da taɓon fadama in damina ta zauna, da kwaltar da gefenta ya zaizaye. Faffaɗar taya tana tafiya a kan rairayin da siririya za ta nutse, ƙaramar giya kuma tana fitar da kai daga wurin da mai Fonis sai ya sauka ya tura. Saboda haka ka saya don ƙasarmu, kada ka saya don dutsen da ka gani a bidiyo. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Na ga mai shoka gaba da baya, kuɗinsa bai kai na mai shokar gaba kaɗai ba. Ba shi ya fi ba?

A'a, Malam, kuma nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Shoka biyu ta gaskiya aiki ne mai tsada: akwai iska ko mai a cikinta da ke hana ta tsalle, ga boris a kowace gaɓar firam. Keken da ke da irin wannan ya ninka mai shoka ɗaya a farashi. Wanda ka gani da araha, abin da ke ƙarƙashin sirdinsa sifirin ne kawai aka naɗe, ba abin da ke danne shi. Kana taka feda yana lilo da kai, wani ɓangare na ƙarfinka na tafiya a sama da ƙasa maimakon gaba. Nauyinsa kan kai kilo 18 zuwa 20, alhali mai shoka ɗaya na aluminiyam yana tsakanin 13 da 15.

Abin da ya fi ɓata rai yana zuwa ne daga baya. Gaɓar da firam ɗin ke lanƙwasawa a kai yawanci roba ce da noti. Ƙura ta shiga, ta cinye robar, sai ka ji bayan keken yana kaɗawa hagu da dama in ka tashi tsaye a kan feda. Ka kai wa mai gyara, ya ɗaure notin, gobe ya sake kwancewa, domin babu inda ake sayar da robar. A kuɗi iri ɗaya, kamfanin da bai ɓata komai kan shokar baya ba ya sa kuɗin a giya da birki da taya. Ɗauki mai shokar gaba kaɗai. In ma ka samu mai kyau wanda ba shi da shoka ko ɗaya, kada ka raina shi. Faffaɗar tayar da ba a cika mata iska ba tana shanye girgiza fiye da yadda ake zato.

Ta yaya zan san keke daidai ni ne?

Keke yana da lamba, kuma mai shago ba zai faɗa maka ba in guda ɗaya ya rage masa. Zai ce maka "ai sirdin ana ɗagawa, Alhaji". Ana ɗagawa, amma nisan da ke tsakanin sirdi da kan keken ba ya canzawa, kuma shi ne ke jawo ciwon baya da na wuya.

A ƙiyasi, mai tsawon santimita 155 zuwa 165 yana neman S, wato firam mai inci 15 ko 16. Daga 165 zuwa wajen 177, M, inci 17 ko 18. Daga nan zuwa 185, L, inci 19 ko 20. Wanda ya haura haka, XL. Kamfanoni sukan ɗan bambanta, don haka gwaji ya fi lamba. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafinka duka a ƙasa. Ya kamata a samu tazarar kamar yatsu uku tsakaninka da sandar sama. Sannan ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: in ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkace ba, tsayin sirdin ya yi. Da yawa suna saukar da sirdi don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa suna zaune, daga baya su ce keke na kashe gwiwa.

A jikin sandar sirdin akwai zane da ke nuna iyakar inda za a jawo ta. In sai ka wuce zanen kafin tsayin ya yi maka, keken ya yi maka kaɗan. Bar shi.

Taya 26, 27.5 ko 29?

A Turai 26 ta zama tsohon yayi, sababbin kekuna masu tsada duk 29 ne ko 27.5. Babbar taya tana haye rami da dutse cikin sauƙi, tana kuma riƙe gudu. Amma tambayar da za ka yi ita ce: ranar da tayar ta fashe a Jega ko Argungu, wace ce za ka samu a kasuwa? Har yanzu 26 ta fi samuwa, taya da tub da sifok duka. In kai dogo ne, zuciyarka kuma na kan 29, saya, amma ka haɗo da tub biyu da taya guda ta ajiya tun daga shagon.

Wani kuskure da ake yi: a ɗauka tayar Fonis mai lamba 28 za ta hau rim ɗin 29 tunda lambobin na kusa. Ba ta hawa. Faɗin bakin rim ɗin Fonis milimita 635 ne, na 29 kuwa 622. Na 27.5 shi ne 584, na 26 kuma 559. Wannan lamba tana rubuce a gefen kowace taya, misali 54-559, ita za ka nuna wa mai shago.

Wani ya ce nasa giya 21 ne, wani 24, wani kuma 12 kacal amma ya fi su tsada. Yaya abin yake?

Lissafi ne: farantin haƙora da sarƙa ke hawa guda 3 a gaba sau 7 a baya, 21, 3 sau 8, 24. Da yawa daga cikinsu maimaici ne, wasu kuma ba a so a yi amfani da su domin suna karkatar da sarƙa. Mai 12 faranti ɗaya ne a gaba, 12 a baya, ya fi sauƙin sarrafawa, sarƙa ba ta yawan faɗuwa. Matsalarsa a nan, sarƙar siririya ce, tana da tsada, sai an aiko da ita daga Kano ko Legas. Sarƙar giya 6, 7 da 8 kuwa iri ɗaya ce, kowane mai kayan keke yana da ita.

Tsakanin 21 da 24 ni ina zaɓar 24, ba don ƙarin ukun ba. Yawancin masu 7 a baya firiwil ne na murɗawa, wanda ke barin sandar tayar baya da tsawo ba madogara, sai ta lanƙwashe ko ta karye a ƙarƙashin mutum mai jiki. Masu 8 akasari kaset ne, wato jerin haƙoran da ake zurawa a kan cibiyar taya maimakon murɗawa, boris ɗinsu ya fi matsowa gefe, sandar ta fi jure wahala.

An rubuta Shimano ɓaro-ɓaro a jikin firam. Ke nan mai kyau ne?

Shimano kamfanin Japan ne mai ƙera giya da birki da sauran kayan haɗi. Ba ya sayar da firam ɗin keken dutse da sunansa. Rubutun da ke jikin firam sitika ce. Durƙusa ka duba kayan da kansu: abin sauya giya na baya, na gaba, da maɓallan da ke hannu. Sau da yawa na bayan kaɗai ne Shimano, don shi ido ke fara kaiwa, sauran ba su da suna.

Kayan Shimano ma hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, har XTR na 'yan tsere. Tourney na aiki in an saita shi da kyau. Altus ko Acera sun ishi mai zuwa aiki da yawon ƙarshen mako. In ka ga Deore a kan keke mai arahar banza, ka ƙara dubawa. Sunayen firam da aka sani a duniya sun haɗa da Giant da Merida na Taiwan, Trek da Specialized na Amurka, kuma su ma ana buga sitikarsu a manna wa wani ƙarfen. Keken da aka rubuta wa sunan motar alfarma, mai taya da ƙafafu uku ko shida na zubi maimakon sifok, ado ne. In rim ɗin ya karkace ba a miƙe shi.

Birkin roba ko mai faifai?

Iri uku ne. Na roba mai matse rim yana da araha, kowane yaron mai gyara ya iya shi, sai dai in ka ratsa taɓo, yashin da ya maƙale a robar yana goge rim ɗin, kamun ma yana raguwa cikin ruwa. Mai faifai na kebur ba ruwansa da taɓon rim, kebur ɗinsa kuma irin na kowane keke ne. Mai faifai na mai ya fi su duka kamawa, da yatsa ɗaya za ka tsaya, amma ranar da iska ta shige shi sai wanda ke da sirinji da man da ya dace. Na Shimano man ma'adini yake sha. Aka ɗura masa man birkin mota, robobin ciki sun tashi aiki.

Ga mai zama a Birnin Kebbi ko ƙauyukan kewaye, mai faifai na kebur ne shawarata. Ka tambayi mai shago robar birkin ta ajiya, domin siffarta ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Ƙarfe, aluminiyam ko kabon?

Aluminiyam. Ba ya tsatsa, ba nauyi. Galibi za ka ga an rubuta 6061 a jiki. Ƙarfe ya fi nauyi amma mai walda na iya ɗinke shi. Kabon in ya tsage, shi ke nan. Ka je shago da ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne a firam ɗin da aka ce maka aluminiyam ne, ka san da wa kake ciniki.

Ƙaya fa? Na ji an ce irin wannan keken kullum yana wurin mai faci.

Nan ne gizo ke saƙa. Tayar da ke zuwa da sabon keke mai matsakaicin kuɗi tana da haƙora a waje amma fatarta siririya ce. Tsidau kaɗai ya ishe ta, balle ƙayar aduwa ko ta bagaruwa da aka sare aka yi shinge da ita, iska ta watso kan hanya. Mutum ya bi gefen gona da safe lafiya lau, da la'asar ya tarar da tayoyin biyu a kwance.

Dabarar masu gyaranmu ta tsohuwa ce kuma tana aiki: a samo tsohuwar taya mai santsi, a yanke bakinta mai waya, a shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin a sa tub. Keken zai ƙara nauyi kaɗan, faci zai ragu sosai. Akwai kuma ruwan da ake ɗurawa cikin tub wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa. Masu manyan kekuna suna cire tub ɗin gaba ɗaya su zuba ruwan cikin taya, amma sai rim da tayar an yi su don haka, kuma zafin bazararmu yana busar da ruwan da wuri, sai an riƙa ƙarawa.

In ka yi faci, kada ka mayar da tub sai ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka zare ƙayar. Yawancin "facin da bai kama ba" ƙayar jiya ce ke nan zaune.

Duba bawul ma. Mai kauri irin na babur da mota, kowane mai faci zai ba ka iska. Siririn mai ɗan noti a kai sai da famfonsa ko ɗan adafta. Kuma ka tsaya a kan mai injin iska, kada ya bugo maka fiye da kima: awo 30 zuwa 40 a ma'aunin PSI ya isa, a yashi ma ƙasa-ƙasa ya fi tafiya.

Mai ƙatuwar taya irin ta babur ɗin nan, ba shi ya dace da yashinmu ba?

A cikin rairayi tsantsa, irin na bakin gulbi da rani, tayar inci 4 ba ta da na biyu. Sai dai kwana nawa za ka yi a can? A kan kwalta jan ta aiki ne, tub ɗinta wahalar samu. Faɗin inci 2.1 zuwa 2.4 ya wadatar.

Zan iya ɗaukar kayan gona a kai?

Ƙunshin ganye, galan ɗin feshi, ko jakar littattafai, e, in akwai ramukan noti a bayan firam da za a ɗaura kariya. Duba su kafin ka biya, ba kowanne ke da su ba. Amma in buhun shanshera za ka ɗauko daga fadama, ko albasa daga Aliero, kada ka wahalar da kanka. Fonis aka yi wa wannan aiki, kuma har gobe ba a kayar da shi ba.

Ɗana shekararsa 9. In saya masa babba ya girma ya tarar da shi?

Haka ake yi da riga, amma yaron da yatsunsa ba su kai birki ba bai da yadda zai tsaya. Masu shekara 6 zuwa 8 galibi taya 20, masu 9 zuwa 12 taya 24. In ya girma ƙanensa ya gada, ko ƙanwarsa. Ga 'yan mata akwai firam mai saukakkiyar sanda, ya fi sauƙin hawa da doguwar riga.

A ina zan saya? Kuma dole sai sabo?

Shagunan cikin gari suna da masu matsakaicin kuɗi. Mai neman zaɓi da yawa yakan leƙa Sakkwato, ko ya wuce Sabon Gari a Kano. Fa'idar sayen gida ita ce in wani abu ya ɓaci a makon farko ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ta intanet kuwa, a Facebook ko WhatsApp, hoto ba ya nuna lamba ko nauyi. Ka sa a ɗauko maka bidiyon keken da kansa, da abin sauya giya kusa-kusa, da takardar lambar firam. In kana da ɗan'uwa a garin, shi ya je ya gani kafin ka tura ko sisi. A yi yarjejeniya tun farko kan wanda zai ɗauki asara in an danne kwalin a mota faifan birki ya lanƙwashe.

Batun sabo: ɗan Beljiyam na kamfanin kirki yakan fi sabon da ba a san asalinsa ba, a kuɗi ɗaya. Sharaɗin shi ne ka je da wanda ya san tsagewar firam da cinyewar haƙoran giya. In ba ka da irin wannan mutum, sabo ya fi maka kwanciyar hankali.

Me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Je da mai gyaran unguwarku, ka biya shi ladan yininsa. Shi zai yi fama da keken nan gaba, kuma in ya ce "wannan ba mu da kayansa", ka saurare shi.

Keke yana zuwa ne a kwali, yaran shago ke haɗawa, wani lokaci da gaggawa. Na sha ganin gwafar gaba an juya ta baya. Alamar ita ce a birki mai faifai, faifan ya kasance a hagunka in kana bisa. Fedar hagu zarenta a juye yake, in an tura ta da ƙarfi ta ɓarauniyar hanya za ta ci zaren, ta fita bayan 'yan kwanaki. Ɗaga kowace taya ka juya, ka ga ko tana rawa ko tana gogar birki. Matsa sifok bibbiyu da hannu, kada a samu masu laushi. Kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, ba a ɗaure ba. Sannan ka hau, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, kana takawa. Mai shagon da ya hana ka zagaye ɗaya a ƙofar shagonsa, akwai dalili.

Nawa zan tanada?

Kekunan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi, na wannan wata ba shi ne na wancan ba. Tambayi shago uku kafin ka taya. Abin da zan ce kawai, kada keken ya cinye kuɗin duka. Ka rage na hular kwano, kwaɗo mai ƙarfi, famfo, tub, kayan faci, alanki mai lamba 4, 5 da 6, da fitilar gaba da ta baya, tunda bayan magariba masu babur ba sa ganin mai keke.

Ina ya fi daɗin hawa?

Hanyoyin fadama ta wajen Zauro da Argungu bayan ruwa ya janye, da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, saboda haka daga hantsi sai a haƙura. Da azumi kuma bayan la'asar ko da dare cikin gari. Mai son tudu na gaske ƙasar Zuru ce wurinsa, amma halin tsaro a wasu sassan masarautar ba abin wasa ba ne. Kada ka shiga daji kai kaɗai, ka tambayi mutanen gari kafin ka bar kwalta. In da kaftani za ka hau, soke ƙafar wandon dama cikin safa, ka tattare rigar, don faranti ba shi da murfi.

Mai gyara ya ce in shafa wa sarƙa baƙin mai. In yarda?

Kada ka yarda. A kan Fonis mai rufaffiyar sarƙa ba laifi, amma a nan sarƙar a buɗe take, baƙin mai yana kama ƙura ya zama dagwalo mai cin haƙoran giya. Sa man sarƙa, ko man keken ɗinki in shi ke kusa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka goge na waje da tsumma har sai sarƙar ta kusa bushewa a ido. Mai ko kaɗan kada ya taɓa faifan birki. A wurin wankin mota kuma ka hana su harba ruwan inji a cibiyar taya da gindin feda, yana wanke giris ɗin boris.

Bayan mako biyu ko uku da fara hawa, kebur zai saki, giya ta fara tsalle, sifok su ɗan sassauta. Ba lalacewa ba ce, kowane sabon keke yana yin haka. Mayar da shi a sake saitawa. Ranar kuma ka kifa keken, ka ɗauki hoton lambar da aka buga a ƙarƙashin gindin feda, ka sa mai shago ya rubuta ta a kan rasit.